Fiddausi Tana Bukuru

Ranar da aka naɗa Alhaji Gwadabe shugaban kwamitin wayar da kan jama'a a kan masu larurar ƙwaƙwalwa a unguwarmu ta Kongo Rasha, 'yarsa Fiddausi ta yi awa huɗu cur a Bukuru. Kada ku ɗauka Bukurun da ake shiga bas a tafi nake nufi. A gidan Alhaji, Bukuru sunan sito ne, wani ɗan ɗaki a bayan kicin inda yake jibge buhunan dankalin Turawa kafin ya kai su kasuwa. Babu taga, babu wuta, sai ƙofar kwano da kwaɗo.

Ni ce Balaraba mai ɗinki, shekarata tara ina haya a ɗakin da ke jikin zauren gidan, don haka babu wanda ya ba ni labari. Fiddausi shekararta goma sha tara. Da larurar aka haife ta, irin wadda ke sa yaro ya makara wajen magana da fahimta. Maganarta a hankali take fita, amma ba ta iya ƙarya ba ko ta wasa, kuma ban taɓa ganin mai son baƙi kamarta ba. Da safe takan zauna kusa da kekena tana ware mini ƙyallaye, ja da ja, kore da kore, ba ta taɓa haɗa su ba.

Tun tana shekara goma sha biyu Alhaji ya hana ta leƙa ƙofar gida, aka baza wa unguwa cewa an kai ta Bukuru wajen gwaggonta. Gwaggon nan ko a mafarki babu ita. Da an ji sallama sai a ce, "Fiddausi, tashi ki tafi Bukuru." Ita kuwa baiwar Allah ta yarda can ɗin ne Bukuru. Sai ta zura hijabi, ta ce mana sai ta dawo, ta shige. Duk wanda ya danna kwaɗon, direba take kiransa. Alhaji ne babban direba, in ba ya nan matarsa Hajiya Ummusalma, in Hajiya tana tuƙin tuwo kuma ni. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ɗauke ni waliyyiya.

Kowa da hujjarsa. Alhaji cewa yake yi, "Mutanen yanzu ba su da kirki, kare ta nake yi daga bakinsu." Hajiya ta ce, "Ai ba ta damu ba, ba ta san bambanci ba." Ni kuma ina ce wa kaina ɗakin haya a Kongo Rasha wuya gare shi, kuma ba 'yata ba ce.

Wata ƙungiya ce za ta buɗe makarantar jeka-ka-dawo ta wajen Naraguta, inda za a riƙa koya wa masu irin larurar Fiddausi wanka da kansu, da lissafin yau da kullum, da sana'ar hannu. Gurbin mutum ashirin aka ba unguwarmu. Da aka tashi neman shugaban kwamiti, ba a duba komai ba sai wanda yake da babban falo da kujeru, Alhaji kuwa in dai za a kira shi ciyaman, ko kwamitin kama ɓera ne zai karɓa. Aka ba shi hular hana-salla da wata riga mai gajeren hannu da aka rubuta wa KADA A ƁOYE SU a ƙirji. Ya zura ta a kan kaftani, rubutun ya miƙe a kan tumbinsa har ana iya karantawa daga bakin titi.

Tun daga ranar nake kwana ina tashi da abu ɗaya a raina, ko sunan Fiddausi zai shiga cikin ashirin ɗin nan. Na taɓa yi wa Hajiya maganar a fakaice, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Balaraba, ki riƙe ɗinkinki."

Da can tafiyar Bukuru ba ta wuce sau biyu a mako, minti talatin an dawo. Da kwamiti ya fara zama a falo, sai ta koma kullum. Ga 'yan kwamiti, ga masu zuwa taya murna, ga masu zuwa tambayar ko za a raba shinkafa. Damina ce kuma, ruwan Agusta ba ya ɗaukewa, simintin siton sanyi ƙarara. Ina daga ɗakina ina jin Alhaji yana zuba jawabi.

"Duk uban da ya ɓoye ɗansa saboda larura, wallahi bai cika uba ba. Waɗannan bayin Allah amana ne a hannunmu."

Sai falo ya ɗauki tafi. Fiddausi da ta jiyo tafin sai ita ma ta kama nata daga cikin sito, har tana buga ƙofar kwanon don murna. Sakatariyar kwamiti, Madam Loyis, wata doguwar mata mai tabarau da ta yi ritaya daga koyarwa, ta ɗaga kai. Hausarta irin ta Jos ce, mace da namiji duk shi ne a wajenta.

"Ciyaman, wane ne yana buga ƙofa?"

"Iska ce, Madam Sakatare. Kwanon gidan nan ya tsufa."

A mako na biyu tari ya kama Fiddausi. Tarin kuma ba ya jin a yi shiru. Ana tsakiyar karanta sunaye sai a ji shi daga bayan kicin, ƙwal, ƙwal. Oga Hyginus, mai kemis ɗin bakin layi, wanda shi ma ɗan kwamiti ne, ya kasa kunne.

"Ciyaman, wannan tari bai yi mini daɗi ba fa. Waye ba lafiya?"

Alhaji bai ko ƙifta ido ba ya ce, "Akuya ce."

"Haba, ashe kana kiwo. Gobe zan zo da magani in duba ta."

To gidan nan ko kaza babu. Washegari da sassafe Alhaji ya tafi kara, kasuwar dabbobi, ya jawo akuya, ja mai farin goshi, lafiyayya sumul. Oga Hyginus ya zo ya buɗe bakinta, ya danna cikinta, ya ɗura mata magani tana ihu, ya ce a riƙa barinta tana shan hantsi, kada a kuskura a kulle ta a wuri mai sanyi. Alhaji ya ce ai shi ma bai yarda da kulle dabba ba. Aka ɗaure ta a tsakar gida inda rana ke sauka, aka zuba mata ɓawon dankali. Mai tarin kuwa ruwan zafi da citta kawai ta samu, don Alhaji ya ce in aka sayi maganin tari a kemis za a tambaya na waye.

Wata Laraba zama ya kai awa biyar, saboda an tsaya gardama a kan ko ruwan leda za a raba ranar buɗe makaranta ko na gora. Da na buɗe sito bayan sun watse, na tarar Fiddausi ta jiƙa zaninta, ta takure a jikin buhu ta rufe fuska da hijabi. Ta ce, "Anti, na buga, direba bai zo ba." Na kai ta banɗaki ina wanke ta ina tsine wa kaina. Da na gaya wa Hajiya, ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauko tsohon bokitin fenti ta ajiye a sito. Alhaji ya leƙa ya gani ya ce madalla, yanzu ai babu abin da ta rasa.

Daga nan Fiddausi ta daina zuwa wajen kekena. Ko mai sayar da gawayi ne ya yi sallama a waje, ba ta jiran a ce mata komai, sai ta zura hijabi ta shige ta jawo ƙofa. Sallamar da take yi mana ma ta daina. Hajiya ta ce, "Kin gani ko, har ta saba." Ni kuwa kwaɗon na ci gaba da dannawa.

Oga Hyginus ne ya jawo wa Alhaji ruwa ba da niyya ba. An samu suna goma sha tara, saura ɗaya, kuma ranar Juma'a za a miƙa takarda. Yana ta sosa sanƙonsa sai ya ce, "Ciyaman, ina wannan 'yarka da take zuwa sayen alawa wajena da can? Mai dariyan nan. Ai kamar irin nata ake nema."

"Tana Bukuru wajen gwaggonta."

Madam Loyis ta cire tabarau. "Bukuru? Ni a Bukuru aka haife ni. Yarinyan yana wane layi?"

Alhaji ya yi tari irin na akuyarsa, ya ce bayan kasuwa, gida mai shuɗiyar ƙofa. Ya ɗauka magana ta wuce. Bai san Madam Loyis ba. Ƙaninta mai irin wannan larura ita ta raine shi har ya rasu, kuma in ta sa abu a gaba ba ta san gajiya ba. Washegari ta shiga bas ta tafi Bukuru, ta dawo takalminta duk taɓo.

"Ciyaman, ƙofa shuɗi guda bakwai na buga a bayan kasuwa. Ba wanda ya san shi."

"Af, na manta, sun yi sabon fenti. Koriya ce yanzu."

Ta koma ta dawo. Ya ce ashe sun tashi, sun koma wajen wani tsohon kududdufin kuza. Ta ce kududdufi a Bukuru ya fi a ƙirga, wanne daga ciki? Ya ce mai ruwan. Nan Madam Loyis ta rufe littafinta a hankali.

"Ciyaman, ranar Alhamis ko ka kawo yarinyan mu gan shi, ko mu shiga motanka mu je tare. Ni ba na tsoron hanya."

Da yamma Alhaji ya kira ni falo, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce dabara ta zo masa. Ranar Alhamis za a yi wa Fiddausi kwalliya a zaunar da ita da jakar tafiya, a ce yanzu ta sauka daga Bukuru. Su gan ta minti biyar, shi kuma ya ce gwaggonta ta riga ta sa ta a wata makaranta a can, ba sai an rubuta ta ba, gobe ma za ta koma.

"Ke take jin maganarki, Balaraba. Ki koya mata amsa gaisuwa, iyakarta ke nan. Kada ta ƙara ko kalma ɗaya."

Kwana biyu muna bita. In ce, "Sannu da zuwa," ta ce, "Yauwa." In ce, "Ya hanya?" ta ce, "Lafiya lau." In ce, "Ya gajiya?" ta ce, "Babu gajiya." Ta haddace tsaf, har fuskarta ta ɗan saki, don an ce mata za ta zauna da baƙi. Sai dai duk Bahaushe ya san gaisuwar wanda ya dawo daga tafiya ba ta ƙarewa a gajiya, akwai ta huɗu, wadda ake tambayar mutanen da ya baro. Wannan ban koya mata ba. Har yau in aka rantsar da ni, ba zan iya cewa mantawa na yi ko ƙin tunawa ba.

Ranar Alhamis na ɗaura mata sabuwar atamfa, Hajiya ta sa mata kwalli. Alhaji ya cika jaka da dankalinsa a matsayin tsaraba, ya dasa ta a gaban kujera. 'Yan kwamiti suka shigo su takwas. Fiddausi tana jin sallamarsu ta miƙe za ta nufi bayan kicin, na riƙo hijabinta na zaunar da ita.

Oga Hyginus ya washe baki. "Ikon Allah, Fiddausi, kin girma. Sannu da zuwa."

"Yauwa."

"Ya hanya?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya dubi Madam Loyis yana murmushi. Ita kuwa ta jawo kujera kusa da Fiddausi, ta riƙe hannunta.

"Yaya ka baro mutanen Bukuru?"

Fiddausi ta dube ni. Na dubi silin. Ta nemi amsa a cikin ukun da ta haddace, ba ta samu wadda ta dace ba, sai ta faɗi abin da ta sani.

"Babu mutane. Ni kaɗai ce. Sai dankali."

Alhaji ya ƙyalƙyale da wata dariya marar daɗin ji. "Barkwanci gare ta. Tana nufin garin noma ne."

"Da bokiti," in ji Fiddausi, sannan tarin ya turnuƙe ta.

Oga Hyginus ya karkata kai yana saurare. Ya leƙa tsakar gida inda akuya take tuƙa hankalinta kwance, ya sake duban Fiddausi, murmushinsa ya ɗauke.

Madam Loyis ta ce, "Fiddausi, Bukuru yana da nisa?"

"A'a. Zo ki gani."

Ta ja hannunta suka fita, 'yan kwamiti suka bi su a layi, Alhaji yana baya yana cewa ga lemo fa zai huce. Suka wuce akuya, suka zagaya kicin, Fiddausi ta tura ƙofar kwano tana alfahari, ta nuna buhun da take jingina da shi, ta nuna bokitinta. Warin ruɓaɓɓen dankali da sanyi suka bugo mu. Madam Loyis ta shiga ta tsaya, ta ce a jawo ƙofar. Babu wanda ya motsa, sai Fiddausi ce ta jawo mata. Ba ta yi minti ɗaya ba ta turo ta fito, ta tsaya tana duban kwaɗon da ke rataye ta waje.

"Wane ne yana kulle wannan?"

"Direba," in ji Fiddausi. "Baba ne direba. Da Umma." Ta waiwayo ta nuna ni da murmushi, don a wajenta yabo ne. "Da Anti Balaraba. Ita ta fi iyawa, ba ta bugawa da ƙarfi."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ba zagi ba ne, ba ƙara ba ce, amma tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini tsirara irin ta ranar ba. Hajiya tana bakin kicin ta toshe baki da mayafi tana kuka.

Alhaji kuwa, Allah Ya ba shi baki. Ya gyara rigarsa mai rubutu, ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Alhamdu lillahi, kun ci jarrabawa. Da ma gwada ku nake yi, in ga ko kwamitin nan zai iya gano wanda aka ɓoye. Yanzu hankalina ya kwanta." Wani dattijo da kunnensa ba ya ji sosai har ya fara tafi, da ya ga shi kaɗai ne ya mayar da hannunsa aljihu.

Oga Hyginus ya ce, "Ciyaman, ni na ba akuyarka magani."

"Kuma ta ji daɗinsa ƙwarai."

"Shekara bakwai kana gwada kwamitin da aka kafa watan jiya?" in ji Madam Loyis.

Alhaji ya kama gyaran hularsa. Hajiya ce ta yi magana, muryarta can ƙasa, ba tare da ta dubi mijinta ba. "Madam, ki rubuta ta. Fiddausi Gwadabe. Ni zan riƙa raka ta."

Ni dai abin da na gani ke nan, kuma ba zan ce Alhaji dodo ne ba. Yana saya mata kayan salla, ba ya dukanta, in ta yi zazzaɓi ba ya iya cin abinci. Kunyar mutane ce kawai ta fi masa 'yarsa nauyi, mu kuma muka taya shi ɗauka. Mutanen nan da ake ta ɓoye ta saboda bakinsu, ga su nan su takwas a tsakar gida, babu wanda ya yi mata dariya, sai ma Oga Hyginus da ya fita da sauri ya ɗebo maganin tari. Kuma kada wani ya karanta wannan ya tsaya yi wa gidan Alhaji tsaki, ya fara zagaya bayan kicin ɗin gidansu tukuna.

A nan tsaye, a kan buhun dankali, Madam Loyis ta ɗora littafinta ta cike layi na ashirin. Ta ce wa Fiddausi ranar Litinin mota za ta zo ta kai ta makaranta.

Fiddausi ta ce, "Ni kaɗai ce a ciki?"

"A'a, ku ashirin ne."

Ta juya ta leƙa siton, ta auna shi da ido daga bango zuwa bango, damuwa ta bayyana a fuskarta.

"Ashirin? To ina za a sa dankalin?"

Madam Loyis ta cire tabarau tana ta goge shi da bakin zani, ta daɗe ba ta mayar ba.